Fuskar Arzika a Kaset

"Inna, don mi Baba ba ya juyowa in na kira shi?"

Humaira ce, 'yar shekara huɗu, ta manna hanci a gilashin talabijin. Mubina ta janyo ta baya, ta ce ido zai lalace.

Kaset ɗin wani wasan kwaikwayo ne da samarin Argungu suka ɗauka bayan an ba Kebbi jiha. Mijinta Arzika, Allah ya jiƙansa, ya fito a masunci. Ba waƙa, ba faɗa. Yana zaune bakin gulbin Matan Fada yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi, ya ba mai ɗauka baya, kusan rabin awa. Masu hayar kaset suka ce barci yake sa mutane, kwafi ashirin aka buga aka daina.

Sau ɗaya tak Arzika ke waiwayowa ya yi murmushi. Hotunansa ambaliya ta ci, don haka kullum Mubina takan tsayar da kaset daidai nan, ta maido baya, ta sake tsayarwa, kada yarinya ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba.

Ran wata Laraba Malam Abdussamadu, mai tara tsofaffin kaset, ya zo daga Badariya da na'urar bidiyo biyu a bayan babur. Shekara uku yana neman wannan wasa.

"Wanga da ake cewa barci, ni shi nika so," in ji shi. "Ji ƙarar ruwa. Ba wanda ka hanzari. Ki bari in kwafa, in ba ki sabo."

Aka kunna a zaure. Gulbi ya fito tas, jirage, koma, ƙeyar Arzika. Da ya fara waiwayowa sai hoton ya tsinke da layuka, ya koma yayyafi. Kwana biyu ke nan yana haka, ita ta ɗauka laifin bidiyonta ne.

"Malama, nan kike tsayarwa?"

"Kullum."

Ya sunkuyar da kai. "Kan bidiyo shina goge zaren in an tsai da shi. Wurin ya cinye. Ba ya gyaruwa."

Ya kwafa abin da ya rage. Humaira ta samu ƙeyar ubanta da ƙarar ruwa.

Ke mai kaset ɗaya tilo na wanda kika rasa, ki kai a kwafa yau. Kada ki tsayar da hoto kan fuskarsa. Ki bar shi ya wuce.