Motar Wata Huɗu, Harajin Shekara

A Toranke babu wanda bai san a-kori-kurar Barau ba. Fara ce a da, yanzu kuwa sai dai a ce launin ƙasa, kuma ta girmi matan aure da yawa a garin. Wata huɗu take aiki a shekara, daga an fara yankan gero har a gama kwashe wake. Da kaka ta wuce sai Barau ya cire batir ya kai ɗaki, ya koma gonarsa da awakinsa. Da damina ko ya so fita babu hali, don burjin da ya haɗa su da kwalta yakan koma taɓo, ko amalanke sai da addu'a take wucewa.

Barau ya ba sittin baya. Gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama, idan ya taka kuloci sai ya ji har cikin ƙugu. Amma ranar da ƙanwarsa Lauratu ta ce kankanarta ta nuna, bai yi musu ba. Tun rasuwar mijinta ita ke kula da gonar, kuma wannan kankana ita ce abin da ta fi sa wa rai a bana. Aka yi lodi bayan asuba, ta shiga gaba ta zauna, suka kama hanyar kasuwar Gaya.

Sun kusa shiga gari ya hango shinge. Wani matashin jami'i ya ɗaga hannu, ya leƙo ta taga cikin ladabi.

"Baba, barka da hanya. Takardun mota."

Barau ya zaro su daga cikin leda ya miƙa. Ya san abin da ke ciki. Jami'in ya duba, ya juya, ya sake dubawa.

"Baba, ai wata uku ke nan da ƙarewarsu."

"Na sani, ɗana. Wata ukun nan a ajiye take, ko ƙofar gida ba ta fita ba. Yau ne fitarta ta farko. In na sauke kayan nan zan je in sabunta."

"Kowa haka yake faɗa, Baba. Ka gangara can gindin tsamiya, ka ba ni makulli."

Lauratu ta juya ta kalli yayanta. Shi kuwa hanya yake kallo.

"Yaya, ka san da wannan ka bari muka taso?"

"Da me zan sabunta kafin mota ta yi aiki, Lauratu? Kira Muhyiddeen."

Muhyiddeen ɗanta ne na fari, ma'aikaci a sakatariyar Ajingi. Kafin ya iso rana ta ɗaga, inuwar tsamiyar ta zame ta bar bayan motar a fili. Lauratu ta cire mayafinta na biyu ta rufe kankanar da ke sama, ta ƙara da buhunan da aka shimfiɗa. Barau ya zauna a kan saiwa. A gefensa akwai wani mai A Daidaita Sahu da shi ma aka tsare, Usaini sunansa, mutumin Gaya, mai surutu kamar an kunna rediyo.

Muhyiddeen ya faka babur, ya gaida uwarsa da kawunsa, ya nufi jami'an. Barau na hango shi yana magana da hannu biyu, yana nuna motar, yana nuna rana. Bai daɗe ba ya dawo yana goge gumi.

"Kawu, sun ce sai ogansu ya zo ya rubuta takarda, sannan mu je ofis a sabunta. Ya tafi wani shingen."

"To, mu jira. Mai nema ba ya fushi."

Sai Barau ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Muhyiddeen, kai ka yi karatu. Fahimtar da ni. Motar da take aiki wata huɗu, da wadda take zuwa Kano kullum sau biyu, takarda ɗaya, kuɗi ɗaya. Ina adalcin?"

"Kawu, gwamnati ba ta da ido a kowane gida. Ba ta san wadda aka ajiye da wadda take yawo ba. Kuma hanya da kuɗi ake yin ta, dole wani ya biya."

"Wace hanyar? Kwalbatin bayan garinmu da ruwa ya cinye, wa ya gyara? Gayya muka yi. Ni na yi ta jigilar marmara kwana uku da man aljihuna. Wannan ba haraji ba ne?"

Muhyiddeen ya tuna da aikin. Shi ma ya ɗauki kwandon ƙasa a wannan gayyar.

"Ni da za a ji tawa," in ji Barau, "a soke takardar nan, a ɗora abin a kan mai. Wanda ya sha da yawa ya biya da yawa. In mota na ajiye, ba ta sha ba, ba ta biya ba."

Usaini ya zabura kamar an taka masa wutsiya. "Haba Baba! A ƙara wa mai kuɗi? A halin da ake ciki? Wallahi ka kashe mu. Ni kullum sai na sha, kuma duk abin da aka ƙara a kan fasinja zan sauke, su kuma su zage ni. Gara a yanka ni sau ɗaya a shekara da a riƙa tsaga ni kullum."

"Ga shi ko sau ɗayan ba ka biya ba," in ji Barau.

Usaini ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "Shi ya sa muke inuwa ɗaya."

Lauratu da ke jingine da ƙofar mota ta sa baki. "Yaya, ni ma ban yarda da ta man nan ba. Injin ban ruwana mai yake sha. Injin niƙan unguwarmu ma haka. Yaushe ka ga sun hau kwalta? Sai in biya kuɗin hanya ina tsaye a cikin gona?"

Barau ya dube ta. Wannan bai taɓa zo masa a rai ba, kuma bai ji daɗin yadda ta rushe masa ginin da ya shekara yana yi a zuci ba.

"To a sa ƙofa a kan hanya," in ji Usaini. "Ka wuce, ka biya. Ba ka wuce ba, shi ke nan."

"A ƙasar nan tamu?" Muhyiddeen ya girgiza kai. "Ranar da aka sa ƙofa, washegari masu babur sun fasa sabuwar hanya ta cikin gonakin mutane. Sai rigima ta koma gaban mai unguwa. Kuma wanda zai zauna a ƙofar, wa zai tsare shi?"

"Ashe dai ko'ina aka taɓa da ƙaya," in ji Barau. Ya miƙe ƙafa yana matsa gwiwa. "To a yi takardar kaka mana. Wata huɗu, ko shida. Mu masu motar gona mu yanki tamu, in an kama mu a hanya bayan ta ƙare, a yi mana duk abin da aka ga dama."

Muhyiddeen ya ɗan yi tunani ya ce, "Wannan kam tana da kai. Sai dai ba mu ke yin dokar ba, Kawu. Daga sama take zuwa."

"Komai daga sama yake zuwa, in ban da ruwan bara."

Sai bayan azahar ogan ya zo. Bai yi faɗa ba, bai kuma saurari bayani ba, ya rubuta takarda ya miƙa. Muhyiddeen ya goya kawunsa a babur suka shiga gari. A ofishin suka tarar da layi, aka ce na'ura ba ta samun sabis. Barau ya zauna a benci yana kallon fankar da ba ta juyawa. Da aka kira sunansa, Muhyiddeen ne ya tura kuɗin daga wayarsa. Barau ya kawar da kai. Ɗan da ya goya a kafaɗa zuwa kallon dambe, yau shi ke fitar da shi kunya a gaban mutane.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka koma. Suka tarar Lauratu ta aro wuƙa da faranti wurin wata mai awara, tana yanka kankana tana sayar wa matafiya. Har jami'an sun saya, matashin nan yana tsaye yana tofar da 'ya'yanta. Ya miƙo makulli.

"Baba, ka yi haƙuri. Aiki ne."

"Na sani, ɗana. Kowa da abin da ya tsare shi."

Ko da suka shiga kasuwa, manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Kano sun yi lodi sun tafi. Dillali ɗaya ya rage, wani Hadi, ya ƙwanƙwasa kankana biyu, ya ce rana ta dafa na sama, ya yi tayin da ya ga dama. Lauratu ta tsaya ta yi ciniki har muryarta ta dushe, daga baya ta sallama, don mayar da kaya gida ya fi asara.

A hanyar komawa ba ta yi masa ƙorafi ba, kuma hakan ya fi damunsa. Sai da suka sauka daga kwalta motar ta fara tsalle a kan burji ta ce, "Yaya, baɗi amalanke zan sa ta fitar min da kankanar bakin titi. Ba don na ƙi ka ba."

"Ba ki yi laifi ba," ya ce.

Muhyiddeen bai bar maganar takardar kaka ta mutu ba. Ya rubuta wasiƙa da Turanci, ya zagaya Toranke da Gafasa a ranakun hutunsa, masu motocin gona goma sha uku suka sa hannu, waɗanda ba sa rubutu suka dangwala yatsa. Ya kai da kansa, aka buga hatimi aka karɓa.

Barau ya ƙarasa kakar, ya kwashe wa mutane gero da wake kamar yadda ya saba. Da aiki ya ƙare wani Sagiru daga Gafasa, mai jigilar yashi da bulo rani da damina, ya zo ya zagaya motar sau biyu, ya buɗe inji ya saurara. Suka daidaita a zaure, Barau ya sayar masa da ita. Barau ya haɗa masa da takardun, ya ce saura wata takwas a cikinsu, kada ya bari su tafi a banza.

Da ƙaramar salla Muhyiddeen ya zo gaisuwa. Bayan sun ci tuwo Barau ya tambaye shi labarin wasiƙar.

"Tana nan, Kawu. An ce tana kan tebur."

Barau ya gyaɗa kai, ya ce a gaida mutanen ofis. Sannan ya dafa bango ya miƙe a hankali, ya tafi ba awaki dusa.