Igiyar Kwale-kwalen Tofazzal

Tofazzal ya rage wutar injin da tashar Sadarghat ta bayyana, kwale-kwalen ya ci gaba da zamewa a kan baƙin ruwan kogin Buriganga. Manyan jiragen fasinja masu hawa uku sun jeru gefe da gefe, kowanne ya kafa hancinsa a dandamalin ƙarfe, babu ratar da ko agwagwa za ta bi.

"Maman Shiuli, mun iso," ya ce wa matarsa.

Jobeda na kwance a kan katako, ya kafa mata lema saboda rana. Ta buɗe ido da ƙyar, jini ya bushe a gefen bakinta.

"Wannan warin shi ne Dhaka?" ta ce. "Da ka bar ni a gonata."

A gonar abin ya same ta. Da safe tana tuge gyaɗa a tsibirinsu na yashi da ke tsakiyar kogin Padma, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Tofazzal ya yi abin da kowa a tsibirin yake yi: ya ɗaure ƙafar don kada dafi ya hau. Igiyar da ta fi kusa da hannunsa ita ce ta ɗaure kwale-kwale, da ita ya tamke ƙafar a ƙasan gwiwa da samanta da cinya, irin ƙullin masu jirgi wanda ko ambaliya ba ta kwancewa. Ya kashe macijin ya jefa a tukunyar shinkafa don likita ya gani. A ɗan asibitin garin da ke kusa, ta taga aka ce masa babu maganin, sai Dhaka, ko leƙo ta ba a yi ba. Shi kuwa bai san hanyar mota ba, kogi ya sani.

Wani mai usur a bakin dandamali ya daka masa tsawa. "Kai kawu, ina za ka kutsa? Nan gidan surukanka ne?"

"Maciji ne ya sari matata."

"Allah ya ba ta lafiya. Matsa can wajen ƙananan jirage, babban jirgin Barishal yana shigowa."

Ya matsa. A can ma masu fito sun cika ko'ina, kwale-kwale bayan kwale-kwale har bakin matakala, kowa na kiran fasinja. Tofazzal ya roƙi na farko, ya roƙi na biyu su ba shi wuri, babu wanda ya matsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ko a shekarar da kogi ya cinye gidansu suka yi damina guda suna kwana a cikin wannan kwale-kwalen. Wani dattijo mai jan gemu na lalle ya leƙa ya ga ƙafar, ta kumbura ta yi baƙi kamar gawayi.

"Jefo igiyarka in ɗaure a jikin nawa," in ji dattijon. "Ka taka ta kan jiragenmu ka fita."

Tofazzal ya sunkuya wajen da igiyar take zama, ya tarar da ƙusa kawai.

"Mai jirgi ba igiya?" wani ya ce daga baya. "A wane ƙauye aka yi wannan?"

Dattijon ya duba nasa jirgin. Igiyarsa na ɗaure a turke can gaba, kuma mata biyu da kaya sun riga sun shigo suna yi masa mita. "Zan riƙe maka da hannu iya ƙarfina," ya ce, "amma in babban nan ya turo ruwa, sakewa zan yi. Ina da mutane a ciki."

Jobeda ta ji komai. "Baban Shiuli, kwance ta ka ɗaure jirgin."

"In na kwance, dafin zai hau zuciyarki."

"In jirgin ya tafi, me za mu ci? Ni za ka dafa?"

"Rufe bakinki, kina ɓata ƙarfi."

Ya ƙulle tukunyar a mayafin wuyansa, ya saɓa ta a kafaɗa, ya ɗauki matarsa. Ya taka jirgin dattijon, ya taka na gaba, masu fito na zaginsa suna kuma tallafe shi, har ya kai matakala. Nan kuma mutane suka zama bango: 'yan dako da buhuna a ka, masu sayar da gwaiba, fasinjoji masu gudun kada jirgi ya bar su. Ya ce mara lafiya ce, ya ce don Allah, babu wanda ya ko waiwayo. Wani ɗan dako ya bangaje shi, tukunyar ta suɓuce, murfin ya yi gefe, macijin ya zube a kan matakala. Matar da ke mutuwa ba ta sa kowa ya matsa ba, amma mataccen maciji ya buɗe masa hanya har bakin titi. Wani mai shayi ne ya tsinto macijin da tsinke ya biyo su da tukunyar.

A bayansa jirgin Barishal ya busa ƙaho, sai aka ji ƙarar katako na tsagewa. Tofazzal bai juya ba. Jobeda, da fuskarta ke kallon kogi ta saman kafaɗarsa, ta ga kwale-kwalensu ne, ta runtse ido.

A babban asibiti wata likita matashiya ta leƙa tukunyar ta gyaɗa kai, aka sa wa Jobeda ruwan magani a hannu. Sannan ta yaye zanen Jobeda daga ƙafar, ta tsaya cak.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne," in ji Tofazzal. "Tun safe, ko sau ɗaya ban bari ta saki ba."

Likitar ta dube shi. Ta sassauta murya. "Maganin dafi muna da shi, kawu, in sha Allah za ta rayu. Ƙafar ce ban sani ba. Tun safe jini bai shiga cikinta ba, kuma ba macijin ne ya hana shi ba."

Ma'aikaciyar jinya ta yi ta fama da ƙullin ya ƙi, ta ɗauko almakashi.

"Kada ki yanke," ya ce, bakinsa ya riga tunaninsa. "Igiya ce mai kyau."

Shi ya kwance ta da kansa, ƙulli bayan ƙulli, a hankali kamar yadda likita ta umarta. Inda igiyar ta kwanta naman ya lotsa, Jobeda kuwa ko motsi ba ta yi ba, don ba ta jin ƙafar. Aka tura gadon ciki, aka rufe ƙofa a gabansa.

Ya zauna a ƙasa a barandar, cikin mutanen da ke kwance kan tabarmi suna jiran nasu. Hannuwansa suka fara naɗe igiyar daga tafi zuwa gwiwar hannu, kamar yadda suke yi kullum da yamma in ya dawo daga kogi. Sai da ya gama tsaf ya ɗaga ta zai rataye a ƙusarta, sannan ya tuna babu kwale-kwalen.