Zaɓi Na Farko

An ce in ɗalibi ya nemi likitanci makinsa bai kai ba, jami'a da kanta za ta sauko da shi wani kwas. Kaka ta yi ta juya maganar a cikin bas, jakarta a ƙirji. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da lissafi, ba ta taɓa ganin "an ce" ya ci jarrabawa ba.

Ɗanta ne ya kwaso zancen a shagon aski. Ya dawo ya tsare 'yarsa, wadda Kaka ke kira Takwara, ya ce likitanci za ta cike, ba kimiyyar noma da take so ba.

"Wanda ya nufi sama, ko ya faɗo a kan rufi zai tsaya," in ji shi.

Yarinya ta ce to, ta tafi shagon kwamfuta. Tun daga ranar ko abincin kirki ba ta ci. Yau da safe Kaka ta nemi ganin takardar da ta cike, Takwara ta ce ta ɓata, sai lambar rajistarta ta rubuta mata a bayan ambulan. Ƙarfe huɗu kuma za a rufe gyaran zaɓin kwas.

Uku da kwata layi ya kai Kaka gaban tagar ofishin ɗaukar ɗalibai. Fanka na juyi ba iska, ma'aikacin na ta danne-danne bai ɗago ba.

"Ɗana, wanda makinsa bai kai likitanci ba, ina kuke sauke shi?"

"Mama, mu ba kwandasta ba ne. Ba ma sauke kowa."

"To ina yake zuwa?"

"Gida. Sai baɗi."

Maki ashirin da ɗaya Takwara ta gaza a likitanci, Kaka da kanta ta lissafa. Ta dubi agogon bango, ta laluba wayarta, ta kira ɗanta sau biyu bai ɗauka ba. Na bayanta ya fara tsaki.

"Ana iya gyarawa a nan?"

"Sai mai takardar ta zo da kanta."

Daga gida zuwa nan tafiyar awa guda ce, in hanya ta yi kyau. Kaka ta tura ambulan ta ƙasan gilashi.

"Duba min dai. Ko ba komai in san abin da zan faɗa wa uban 'yan shawara."

Ya buga lambar, ya matso da fuskarsa, ya sake bugawa.

"Mama, wa ya ce miki likitanci ta cike?"

"Ubanta. A gabana ya sa ta."

Ya juyo mata da allon kwamfutar. Ta gyara tabarau.

"Kimiyyar noma ce zaɓinta na farko," in ji shi. "Makinta kuma ya kai."