Bututu Cikin Bututu

Ga ta nan gare ku, 'yan jikokina.

Ta zo mu saurara, Kaka.

Wata rana da hantsi, wani mai gyaran famfo yana tsakiyar aiki aka kira shi: amininsa Dogo direba ya yi karo, sitiyari ya doke shi a ƙirji. Mai famfon ya isa asibiti da sifana a aljihu, wando jiƙe sharkaf.

Likitar da ta fito kuwa 'yarsa ce ta cikinsa, Auta. Ta gaya wa matar Dogo cewa babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta tsage, saura ƙiris ta ɓalle, in ta ɓalle kuwa shi ke nan. Ta jijiyar cinya za ta shiga ta gyara, a sa mata hannu a takarda yanzu-yanzu.

Matar Dogo ta ture biron. "Ciwo a ƙirji, yanka a cinya? Ke Auta, ni na goya ki fa! A kira babban likita ya buɗe ƙirjin."

Shi kansa uban gabansa ya faɗi. Shekara talatin, in bututu ya fashe a bango, fasa bangon yake yi. Ya ce, "Auta, me za ki zura masa?"

Ta miƙa masa samfuri: ragar ƙarfe mai rigar yadi, a naɗe siririya. "Waya zan sa ta ja hanya, Baba, ina kallo a hoto. Da na kai kan tsagar sai in sake ta, ta buɗe ta manne, jini ya bi ta cikinta."

Ya jujjuya abin a tafinsa. "Wato bututu cikin bututu, ba a taɓa bango?" Ya waiwayi matar amininsa. "Yaya, sa hannu. Da na iya wannan, da ban rusa miki banɗaki bara ba."

Dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye, ta ɗauki biron.

Bayan awa biyu Auta ta fito, ta janye ƙyallen hancinta. "Baba, ba ya yoyo."

Tsohon nan ya miƙe, sai nuna ta yake wa masu jiran layi. Can ya ce, "'Yata ce."

Dogo ya warke ya koma tuƙi, da ɗan tabo a cinya. Matarsa ta daina cewa Auta, sai Likita. Mai famfo kuwa har yau fasa bango yake, amma duk gidan da ya shiga sai sun ji cewa 'yarsa ta gaji sana'arsa, ta kuma fi shi.