Da Sauƙi, In Ji Baba Tela

"Shinkafa ta ƙare," in ji mai kanti, ya kuwa jawo ƙofar ƙarfen nan ƙasa har rabi.

Matar direba tana tsaye a layi tun sassafe, mutum kaɗan suka rage a gabanta. Layin da aka wuni ana ba juna tazara ya watse nan take, aka cure a bakin ƙofa kowa yana miƙa jaka. Ta manta da annoba, ta kutsa da kafaɗa. Abin da ta fito da shi bai wuce ƙullin fulawa da man da bai kai rabin kwalba ba. Kantin magani kuwa a garƙame ta same shi. Ranar fita ke nan, rana ɗaya tilo a mako da dokar kulle ta yarda a leƙa titi, ta tafi a haka.

A hanyar komawa Mai Kitso ta cim mata, maƙwabciyarsu ta tsallaken titi, wadda ko takunkumi bai iya rufe mata baki ba.

"Kin ji labarin gidan bayan makaranta? Tsohuwa ce ta yi tari, jikarta ta buga wa ma'aikatan lafiya waya. Suka zo cikin fararen kaya suka ɗauke ta, suka ɗaure ƙofar gidan da jan ƙyalle. Ba shiga ba fita sai ranar da suka ga dama."

"To me za su ci?"

"An ce za a riƙa kawo musu." Mai Kitso ta taɓe baki a ƙarƙashin ƙyalle. "An ce dai."

Matar direba ta ƙara sauri. Ita ma akwai tari a gidansu, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Gidan hayarsu bene ne mai ɗaki biyu kacal. Ita da 'yarta a ƙasa, mijinta kuwa kulle ya rutsa da shi da motarsa a can wani gari. A sama kuwa, daidai kansu, Baba Tela ne, tsoho mai dogon wuya da tsokana, wanda matarsa ta riga shi tafiya tuntuni. Tun da aka fara kulle bai sauko ba. Ya tufka igiya da ragowar ƙyallaye, ya ɗaura kwando, yana zuro shi ta taga. Ya sauko da takunkuman da ya ɗinka, ita ta kai wa mai burodi da mai ƙwai su yi musaya, ta zuba masa rabonsa ya ja. Da haka gidan yake ci.

Tana shiga tsakar gida ta ga kwandon yana lilo.

"Baba, na dawo. Ba a sami shinkafa ba."

"Zaren fa, ɗiyata?"

"Masu zare duk a rufe suke."

"To, Allah ya sa haka ya fi." Muryar ta fito daga taga a dishe. "Ina uwargidana? Ko ta yi yaji ne?"

Yarinyar ta leƙo tana dariya. Tun tana rarrafe yake ce mata uwargida, ita kuma ta ce masa mijina. "Ga ni nan. Ba ka ɗinka min rigar ba har yau."

"Miji talaka kika aura, sai haƙuri."

Zai yi dariya tari ya sarƙe shi. Tari ne busasshe, mai tsawo, irin wanda mai saurare ma sai ya dafa ƙirjinsa. Matar direba ta janye 'yarta baya ba tare da ta san ta yi ba.

"Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

To, wa ya taɓa tambayar mara lafiya ya ce babu sauƙi? Mutum yana kwance ana juya shi ma abin da zai ce ke nan. Ta san haka sarai, da wannan kalmar uwarta ta bar duniya. Amma ta karɓa hannu bibbiyu, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Abin da ya hana ta sukuni a bayyane yake. 'Yarta tana da asma, abin shaƙarta kuma ya kusa ƙarewa, in an girgiza shi da kyar ake jin motsi a ciki. Fulawar nan in an ja ta da dabara za ta kai ranar fita mai zuwa, ba za ta wuce ba. In ta buga waya aka zo aka ɗauki tsohon, jan ƙyalle zai hau ƙofarsu, babu kanti babu magani. In kuma ba ta buga ba, ga mutum a saman kanta yana tari shi kaɗai. Lambar tana cikin wayarta, sau da yawa ta fito da ita ta zuba mata ido har hasken wayar ya mutu.

Washegari da hantsi sai ta ji keke. Ƙarar keken ɗinkin Baba Tela ta saba da ita kamar numfashinta, rufin ɗakin har rawa yake yi in yana takawa. Ta tsaya da hannu cikin kwaɓin fulawa tana saurare. Ya taka, ya tsaya, ya sake takawa. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta.

Da mijin ya kira da yamma, ta shige lungun kicin ta gaya masa komai da raɗa.

"Wannan ƙarar da nake ji a bayanki fa?" in ji shi.

"Kekensa ne."

"Haba, ke ma dai. Mai wannan ciwon ne zai zauna yana taka keke? Mura ce ta tsufa. Ki bari a wuce ranar fita, ki samo wa yarinyar nan magani, in ya so sai a san abin yi."

"In kuma wani abu ya same shi?"

Can ya ce, "Kada dai ki hau sama. Kin ji ko? Ki rufa min asiri."

Ba ta hau ba. Matattakalar benen tana nan a gefen ƙofarta, ta koma wuce ta da sauri kamar mai wuce kare. In kwandon ya sauko sai ta ɗaure hanci, ta sa leda a hannu, ta ajiye kwanon abinci, ta koma ta wanke hannu har fatar ta yi fari. Takunkumi kuwa ya daina zuwa.

"Tarawa nake yi," in ji Baba Tela. "Sai sun yi yawa ki kai gaba ɗaya."

Daga baya kwanon ya fara dawowa da rabin abin da ta zuba.

"Baba, ba ka ci ba."

"Na ƙoshi. Ki ba uwargida, ita ce mai girma."

"Jikin fa?"

"Da sauƙi sosai."

Ya daina leƙowa, hannunsa kawai take gani a bakin taga yana sakin igiya. Amma keke bai fasa ba. Kullum da hantsi zai fara, da la'asar ya ƙara. Ta lura takun ya gajarta, hutun da ke tsakani ya yi tsawo. A cikin hutun nan take tsayawa cak, ludayi a hannu, har sai ƙarar ta dawo sannan ta saki numfashi. Tsoro take ji, tsoro na gaske, na ciwon da na yunwar, da kuma na kanta, don ta gane ba lafiyarsa take roƙo ba, roƙo take ya kai ranar fita.

Ana gobe fita asmar ta tashi. Yarinyar ta zauna a bakin gado ta dafa gwiwa, ƙirjinta yana fito, idanunta sun firfito. Uwar ta girgiza abin shaƙar, ta danna, ta sake dannawa, da kyar ya ba da na ƙarshe. Ta rungume ta tana shafa mata baya har numfashin ya daidaita. Sai a lokacin ta ji an ƙwanƙwasa rufi daga sama, a hankali.

Ta fita tsakar gida. "Baba?"

"Na ji ta." Yana magana yana hutawa. "Gobe ki yi sammako. Ki fara da kantin magani."

"Baba, ka gaya min gaskiya. In kira su?"

Ya yi tari, sannan ya amsa.

"Ki kira su su zo su kalli tela yana aiki? Je ki kwanta, ɗiyata. Da sauƙi."

Gari na wayewa keke ya tashi, da ƙarfi ma fiye da kwanakin baya. Tana ɗaura takunkumi tana jin rufi yana rawa. Kwandon bai sauko ba, ta ce a ranta bai gama sa wa takunkuman roba ba ne. Ta gargaɗi 'yarta kada ta buɗe wa kowa, ta ja ƙofar gida ta rufe.

Ranar kuwa kamar an buɗe mata hanya. Kantin magani a buɗe, ta sami abin shaƙa har biyu. Motar kaya ta zo wa mai kanti, ta sami shinkafa, ta sami wake da mai da sukari, har jakar ta rinjaye ta. A bakin titi Mai Kitso ta tsayar da ita ta cusa mata wani abu a hannu.

"Na ji kina cigiyar zare wancan makon. Ga na kitso, baƙi ne, amma zare zare ne. Ki kai wa tsohon."

Ta shigo gida tana haki, rabonta da murmushi har ta manta. "Baba, yau an dace. Har zare na samo maka. Zuro kwando."

Tagar tana buɗe, igiyar tana naɗe a jikin ƙusa.

"Baba?"

Yarinyar ta fito bakin ƙofa tana murza ido. "Mijina ya daina ɗinki tun ɗazu."

"Tun yaushe?"

"Kina rufe ƙofar gida ya daina."

Jakar ta zame daga kafaɗarta. Ta tura yarinyar ciki, ta ce ta zauna kada ta motsa. Sannan ta juya ta fuskanci matattakalar nan da ta yi mako tana gudu. Ta hau, tana kiran Baba a kowane taki, tana ba shi damar ya amsa.

Ƙofar ba a kulle take ba. Ɗakin yana warin man keke da zazzaɓi. Yana zaune a kan kujerarsa, ya kifa kai a kan teburin keken, ƙafarsa ɗaya tana kan abin takawa. Ya jawo tabarmarsa da butarsa kusa da keken, da alama ya daɗe ba ya iya zuwa gado. Ta kira shi sau ɗaya daga bakin ƙofa. Ta yi salati a hankali, ta fito da wayar, wannan karon ba ta tsaya kallon lambar ba.

Suka zo kafin la'asar, cikin fararen kayan da Mai Kitso ta faɗa. Unguwa ta leƙo ta tagogi, ba wanda ya fito. Suka sauko da shi a naɗe, ba nauyi, mutum biyu suka isa. Ɗaya daga cikinsu, mace ce da gajiya a murya, ta tsaya nesa ta tambaye ta.

"Tun yaushe yake jinya?"

"Ya kwana biyu yana tari."

"Ba ku kira ba?"

"Yana ta aiki," in ji matar direba. "Kullum muna jin kekensa."

Ma'aikaciyar ta dube ta. "Kuna da abinci a gidan?"

"Muna da shi."

"To kun yi sa'a. Mun yi feshi a sama, in an jima ki hau ki rufe tagar."

Suka ɗaure jan ƙyalle a ƙofar gida, motar ta tafi ba jiniya.

Da rana ta yi sanyi ta ɗora shinkafa, ta bar yarinyar tana gadin tukunya, ta sake hawa. Ta duba inda ya ce yana tara takunkumi. Babu ko ɗaya, ba a teburi ba, ba a kwali ba. Tsinken da ake kafa zare a saman keken tsirara yake. Ta sunkuya ta dubi allurar, babu zare a idonta.

A ƙarƙashin allurar akwai ƙyalle guda, shuɗi, bai fi tafin hannu biyu ba. Ta ɗaga ƙafar keken ta zaro shi. Babu ɗinki ko ɗaya a jikinsa, huda ce kawai, layi a kan layi, an bi an sake bi har tsakiyar ta yi laushi ta kusa rabuwa. Ta ɗaga shi wajen taga, hasken yamma ya ratso ta cikinsa kamar rariya.

"Mama," yarinyar ta kira daga ƙasa, "ruwan ya tafasa. A zuba har da na mijina?"

Uwar ta kwance bakin zanenta, ta fito da baƙin zaren Mai Kitso, ta kafa shi a kan tsinken keken. Sannan ta jawo kwandon ciki, ta rufe tagar.