Cokalin Baba Jamus

Mu'awiya ya ɗora tafinsa a jikin kwantenar. Zafin ranar Ras Al Khor, a Dubai, ya gasa ƙarfen har yana ƙona fata, amma bai janye ba, domin 'yan kasuwa sun zagaye shi, hannayensu a sama.

"Tofa mata sosai, Sharifi," in ji Alhaji Ɗalhatu, mai kayan. "Wancan karon da ka tofa, ko kofi ɗaya bai fashe ba har Kano."

Mu'awiya ya motsa leɓe, aka shafa, aka rufe ƙofar kwantena.

Shi ba sharifi ba ne. Ma'aikacin kago ne a unguwar Deira, aikinsa bin sawun jiragen ruwa a kwamfuta, ya gaya wa masu kaya inda dukiyarsu ta kwana a teku. Farkon zuwansa Dubai wani ya dubi farar fatarsa da idanunsa masu ruwan toka ya ce ai wannan jinin Larabawa ne. Ya yi murmushi, bai musa ba. Daga baya shi da bakinsa ya ƙara da cewa kakanninsa daga Tarabulus suka zo. Sunan ya manne masa, ya buɗe masa ƙofofi, har da ta gidan Alhaji Ɗalhatu, inda ya fara ganin Mahfuza, 'yar Alhajin, tana dariya da littafi a hannu. Tun ranar bai sake mallakar zuciyarsa ba.

"Bayan la'asar za mu zo duba Hajiya kakarka, ni da Mahfuza," Alhaji ya ce yana dafa kafaɗarsa. "Tunda Allah ya kawo tsohuwa, sai mu ji asali daga bakin mai shi, a sa rana. Khalas, shi ke nan."

Mu'awiya ya ce to. A cikin tasi ya riƙa taɓa aljihun rigarsa, inda wata takarda ke ninke.

Kakarsa, Inna Jummai, ya ɗauko daga Yola don a cire mata yanar ido. Ɗaya idon ya daɗe da mutuwa, ɗayan aka yi wa aiki jiya, yau za a kwance bandeji. Ranar da ta sauka, ko ruwa ba ta sha ba ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa cokalinta, wanda tun tasowarsa bai taɓa ganin ta ci abinci da wani ba.

Cokalin kakanta ne, Bajamushen da ya sauka Duwala ta Kamaru a jirgin ruwa yana saurayi, ya gangaro har bakin Binuwai yana gyaran kwale-kwale, ya musulunta, ya auri 'yar wani falke, bai sake komawa ba. Baba Jamus ake ce masa. Daga jirgin ya zo da cokalin. "Ai an ce kai ne mai sanin inda kowane jirgi yake," ta ce masa a ranar. "To nemo min na kakana. In ido ya buɗe, shi nake so in fara gani."

Ya goge cokalin da man goge baki har wata 'yar tuta ta fito a mariƙinsa, da sunan jirgin a ƙasanta: Marta Lenz. Jiragen yau kafin ya kurɓi shayi ya gano su, amma wannan ya ba shi wuya. Ya bi tsofaffin hotunan tashoshin ruwa har idonsa ya yi ja, sannan ya aika hoton tutar wani gidan tarihi a Hamburg. Yau da safe wata mata ta turo masa hoton jirgin. Ya buga shi a wani shago a unguwar Al Rigga cikin murna. Sai da ya fito ya tuna da su Alhaji da zancen Tarabulus.

Ya same ta a zaune a gadon asibiti, farin bandeji a fuska, cokalin a cinyarta.

"Maigidan ne? Na ji takunka. Ka bar amarya da yunwa kana can wajen 'yar Kano."

"Ke da kika ƙi cin abincin asibiti."

"Wannan abinci ne? Ko gishiri ba su sani ba. Ka samo?"

"Ana nan ana nema," ya ce. Ya zauna a bakin gado, ya kama hannunta. "Inna, surukaina za su zo yanzu. Don Allah in sun tambayi asali, kada ki ɗauko zancen Baba Jamus."

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa.

"Me ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba. Su dai sun ɗauka mu sharifai ne. Daga Tarabulus."

"Sun ɗauka, ko an gaya musu?"

Ya saki hannunta.

"Sata ya yi, Mu'awiya?"

"A'a."

"A wuyansa yake ɗora ni mu je bakin kogi. Gemunsa ja, Hausarsa a karkace, yara suna binsa suna kwaikwayo, shi kuma yana ba su gyaɗa. A sahun gaba ya yi salla har ƙafa ta gaza." Ta ɗan tsaya. "Kana son yarinyar?"

"Inna, in na rasa ta ban san yadda zan yi ba."

"To."

Ta lalubi matashin kai, ta tura cokalin ƙarƙashinsa. Ba ta ƙara ce masa maigida ba.

Da suka iso, Alhaji Ɗalhatu, da girmansa da babbar rigarsa, ya durƙusa a gaban gadon. "Sharifiya, ya jiki? Allah ya ƙara lafiya, ya ba mu albarkacinku."

Inna Jummai ta daɗe kafin ta ce amin.

Mahfuza ta gaishe ta, ta buɗe kwanon farfesun da ta dafo, ta saci kallon Mu'awiya tana murmushi. Ya kasa rama mata. Ta ɗauki cokalin roba na asibiti ta ɗebo romo, ta kai bakin tsohuwar. Mu'awiya ya jira Inna ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta ce a miƙo mata nata. Sai ta buɗe baki ta karɓa.

"An ce daga Tarabulus kakanninku suka taso," Alhaji ya ce. "Wane ne ya fara zuwa? Da ayarin raƙuma, ko?"

"Tsufa, Alhaji," ta ce a hankali. "Na manta abubuwa da yawa."

Matar da take iya lissafo kowace mace da ta zo sunan mahaifinsa, da kalar zanin da ta ɗaura.  Mu'awiya ya dubi tafinsa, har yanzu ja ne daga zafin kwantena.

Likita ta shigo da ma'aikaciyar jinya, aka rage hasken ɗaki, aka warware bandejin a hankali. Inna ta ƙifta, hawaye ya gangaro. Ta dubi taga, ta dubi hannunta, ta dubi Mahfuza ta ce, "Kai, masha Allah." Sannan idonta ya sauka a kan jikanta. Ta dube shi sosai, kamar mai duba kayan da aka kawo mata daga kasuwa. Ba ta tambayi jirgi ba.

Rashin tambayar ne ya kasa ɗauka. Ya zaro takardar, ya warware ta a kan cinyarta.

"Ga shi, Inna. Tun safe na samo."

Baƙin jirgi ne mai bututun hayaƙi ɗaya, a bakin wata tasha, mutane sun jeru a kansa da huluna, fuskokinsu ba su fi ƙwayar gero ba.

"Wane jirgi ne wannan, Sharifi?" in ji Alhaji.

"Mu'awiya ne sunana, Baba. Jirgin da kakan Inna ya shigo daga Jamus ne. Bature ne, ya musulunta a Yola. Ba mu da kowa a Tarabulus."

 Alhaji ya tashi a hankali, yana dafa gwiwa.

"Baturen bai dame ni ba. Allah ya jiƙansa, ya fi mu wahalar samun addini." Muryarsa ba ta tashi ba. "Amma ni kake bari ina tara mutane a rana, ina cewa ka tofa? Da furfurata?" Ya juya wajen gadon. "Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Mahfuza, yalla, mu tafi."

"Baba, ba ta gama cin abincin ba," Mahfuza ta ce, idonta a kan kwano.

Ya dube ta, ya dubi tsohuwar. "Ina mota," ya ce, ya fita.

Mahfuza ba ta kalli Mu'awiya ba. Fuskarta a ɗaure take, kuma ya san akwai maganar da ke jiransa, mai yiwuwa ta ƙarshe. Amma ta ja kujera ta matso kusa da gadon.

Inna ta kai hoton dab da idonta, tana bin mutanen da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe ɗan ƙarami ne," ta ce. "Shi kuwa ce min yake ya fi kasuwar Jimeta girma. Ƙarya dai a jininku take, maigida."

Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro cokalin, ta miƙa wa Mahfuza.

"'Yar nan, ajiye wannan robar. Ba ni da wannan."