Jakar da Kawu Barau Ya Ɗinka

Ranar Litinin ce a farkon watan Satumba na 1976, shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Ina zaune a kan katangar sabon ajin da ba a gama ginawa ba, ina ɓare ɗanyar gyaɗa, don ba ni da abin yi. Yara sun yi layi a gindin darbejiya. Hedimasta, Malam Haladu, ya sa an fito masa da tebur da rajista.

Babu mai takardar haihuwa a garinmu, saboda haka da hannu ake gane shekaru. Yaro zai ɗaga hannun dama, ya zagayo da shi ta saman kai, ya taɓa kunnen hagu. In ya taɓa, ya kai shida, a rubuta shi. In bai taɓa ba, sai baɗi.

Layi ya zo kan Lauratu, 'yar maƙwabcinmu Kawu Barau baduku. Shekararta takwas. Shan-inna ya shanye mata hannun dama tun tana goye, yana nan rataye kamar ba nata ba.

"Ɗaga hannu," in ji Malam Haladu.

Ta ɗaga na hagu, ta kama kunnen dama har ta ja shi. Yara suka fashe da dariya.

"Dama na ce."

Kawu Barau ya matso, ya russuna. "Ranka ya daɗe, damar ba ta tashi."

"To ni yaya zan yi? Da dama ake gwadawa."

"Ai ta girmi duk waɗannan. Dubi bakinta, ta gama famfara tun bara."

"Baba, ba akuya nake saye ba da zan duba haƙori." Ya rufe alƙalaminsa. "In ma na rubuta ta, da me za ta riƙe alli? Ba a rubutu da hagu a makarantar nan. Ga shaida can a kan katanga."

Kowa ya waiwayo ya dube ni. Ni bahago ne. Shekara huɗu na yi ana sauke mini rula a bayan hannu don in koma dama, ban koma ba. A aji huɗu na fita shan ruwa, ban sake shiga ba. Tun daga nan ban zauna a kan sana'a ɗaya ba: yau ɗinki, gobe yaron mota, jibi ba komai.

"In kana ganin ban kyauta ba," in ji Malam Haladu, "je Gumel ofishin ilimi ka kawo mini takarda. Mai biye!"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Kawu Barau. Matarsa ta rasu a shekarar fari, daga shi sai Lauratu. Da yamma ya leƙo ta kan katangar.

"Ishaku, zo ka ga wani abu."

A zaurensa, cikin warin jima da tarkacen fata, ya sauko da wata jaka daga ƙusa. Jar fata ce, ɗinkin ya yi lumui. Ya sa maɓallin ta gefen hagu, ya yi shi ƙato yadda yatsa biyu za su buɗe shi.

"Wata guda ina yinta," ya ce. "A rediyo na ji an ce kowane yaro. Da kunnena na ji. Ban ji an ce ban da mai hannu ɗaya ba."

"Kawu, ka bar su mana. Me ke cikin makarantar? Ga ni nan."

"Ai ganinka ne ya sa ban bari ba." Ya yi 'yar dariya, ya yi tari. "Hannu ɗaya ba ya daka, ba ya surfe, ba ya jan guga. In na kwanta dama, da me za ta ci? Amma alƙalami, ai hannu ɗaya yake so."

Na rubuta masa wasiƙar da zai kai ofishin ilimi da hagun nawa. Na kuma yi masa alkawari zan ari keken yayana Hamma in kai shi Gumel ranar Alhamis, don mil tara ne, shi kuwa ya haura sittin.

Alhamis ita ce kasuwar Maigatari. Da sassafe wata mota ta tsaya a bakin titi, direban ya ce yana neman masu loda raguna. Na ce a raina Juma'a ma rana ce. Na hau. Ban ko leƙa na gaya wa Kawu ba.

Iya, mahaifiyata, ta ce ya zauna a ƙofar gidanmu da wankakkiyar rigarsa har rana ta fito sosai. Sai ya tashi ya kama hanya a ƙasa.

Na dawo da la'asar, hadari ya haɗu ta gabas. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba. Gab da magariba muka gan shi yana tahowa a tsakiyar hanya, takalmansa a hannu, riga ta manne masa a ƙashi. Ya shigo zaurenmu ya zauna a ƙasa. Haƙoransa na haɗuwa.

"Ishaku, kasuwa ta ci?"

"Ta ci, Kawu."

"Madalla." Bai ƙara komai a kan wannan ba, har ya bar duniya.

Ya ce mutumin ofishin yaro ne, mai kirki. Ya ba shi kujera, ya sa an kawo masa ruwa. Da ya karanta wasiƙata sai ya ce, "Wa ya ce sai da dama? Baba, wannan gwajin ma ba doka ba ce." Ya rubuta takarda, ya buga hatimi.

Kawu ya cire hularsa. A ciki ya ɓoye ta, inda yake ɓoye duk abin da yake ji da shi. Ya miƙo mini.

"Karanta mini in ji."

Na buɗe a hankali. Tawada ta narke, takardar ta zama shuɗiya daga sama har ƙasa. Hatimin kaɗai ya rage.

"Ta fito?"

"Ta fito sarai," na ce. Na karanta masa abin da nake jin ya kamata a ce an rubuta.

Washegari na kai wa Malam Haladu. Ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama yana dubawa.

"Wannan daga marina ka ɗauko ta?"

"Daga Gumel, Malam. Ruwa ne ya dake ta."

"Ajiye. Zan duba."

Da na koma, Kawu yana kwance, jikinsa kamar garwashi, yana riƙe da haƙarƙari. Iya ta dafa masa jiƙo. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho. Aka ce a kai shi asibiti a Gumel, amma ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shigowa, kuma ba ya iya zama a keke.

Ranar Asabar ya buɗe ido ya gan ni.

"An rubuta?"

Lauratu tana zaune a gefensa tana kore masa ƙuda da hagu.

"An rubuta, Kawu."

"Lamba nawa?"

"Sittin da ɗaya."

"Sittin da ɗaya," ya maimaita. "Ke, rataya jakar in gani."

Ta rataya. Ta buɗe maɓallin da yatsa biyu, ta rufe, ta sake buɗewa. Ya ce igiyar ta yi tsawo, in ya tashi zai rage ta.

Ya rasu ranar Lahadi da hantsi. Ina cikin masu haƙa kabari. Ƙasa ta yi laushi, ba mu sha wahala ba. Na yi ta jiran in ji wani abu, ban ji ba. Da muka dawo na ci tuwo, na cinye.

Ranar sadakar uku Malam Haladu ya zo gaisuwa da rajista a hammata. Bayan an shafa fatiha ya kira ni gefe, bai dubi fuskata ba.

"Hatimin na gaske ne," ya ce. "Tun ranar na gane." Ya buɗe rajistar a kan gwiwarsa, ya rubuta sunanta a ƙasan layi. Lamba hamsin da takwas ce. "Sai ta zo ran Litinin. Ta riƙe allin da wanda ta samu."

Amma ƙanwar Kawu, Gwaggo Rabi, ta riga ta iso daga wani ƙauye can bayan iyaka, ta wajen Damagaram. Na gaya mata an rubuta Lauratu.

"To, sai me?" ta ce. "Wa zai riƙe ta a nan? Kai?"

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ba ka riƙe kanka ba."

Iya ta ce a bar mata ita. Gwaggo ta ce ta gode, amma jininta ba zai zauna a gidan maƙwabta tana raye ba.

"Akwai makaranta a garinku?" na tambaya.

"Lakwal?" ta ce, yadda suke kiran makaranta a can. "Sai an yi tafiyar yini. Maza ma ba sa zuwa."

Suka tafi kwana ɗaya bayan sadakar bakwai. Gwaggo ta ɗauki tukwane da tabarma a ka, ta ba Lauratu ƙullin tufafi. Yarinyar ta tsaya a zaure, ƙullin a hannunta, ta ɗaga kai ta dubi ƙusa. Gwaggo ta kira ta daga waje. Ta fita.

Litinin ɗin da ta biyo na sake hawa katangar. An sa wa ajin kwano, ana jin komai. Malamin aji ɗaya yana kiran suna, yara suna amsawa da ƙarfi.

"Lauratu Barau."

Shiru.

"Lauratu Barau."

Ya wuce na gaba. Haka ya yi ta kira har ƙarshen zangon, don ba wanda ya ce masa ya soke.

Abin da aka rasa ke nan: mutum ɗaya, takarda ɗaya, wurin zama ɗaya a benci na biyu ta gefen taga. Jakar tana nan a ƙusa, igiyarta ba a rage ba.